Yadda ake sauya takardun shaida a Damagaram idan baƙo ya zama ɗan Nijar

Wanda matsayinsa ya canza a ƙasar nan, ya tashi daga baƙo mai takardar zama ya koma ɗan Nijar, yakan ɗauka cewa da zarar labari ya iso daga Yamai sai ya hau kabu-kabu ya wuce komisariya ya karɓi kati. Ba haka abin yake tafiya ba. Katin ɗan ƙasa, wanda muke ce wa kardantite, shi ne na ƙarshe a jerin takardu, kuma kowace takarda daga wadda ta gabace ta ake kwafo ta. In ta farko ta karkace, duk na bayanta a karkace za su fito. Na daɗe ina haɗa wa mutane irin wannan dosiye, ga kuma yadda nake bi.

Bayanin ya shafi mutum iri biyu. Na farko shi ne wanda aka ba shi zama ɗan ƙasa da dekire, wato takardar umarnin gwamnati, ko dai ta hanyar aure ko ta daɗewar zama. Na biyu shi ne wanda aka haifa a waje, a Kano ko Sabha ko Tamanrasset ko Makka, amma uba ko uwa ɗan Nijar ne, ya dawo gida yana yawo da takardun wata ƙasa. Shi wannan na biyun ba roƙon ƙasa yake yi ba, tasa ce tun ran da aka haife shi, shaida kawai yake nema. Zan riƙa cewa "ka", amma a cikin waɗanda nake gani mata sun fi yawa, musamman waɗanda aka auro daga Daura, Ɓaɓura da Maigatari.

Abin da za ka tanada

- Takardar haihuwarka ta asali, daga ƙasar da aka haife ka.
- Kwafin dekiren da ya ba ka zama ɗan ƙasa, in ta nan ka biyo.
- Takardar haihuwa da nasiyonalite (takardar shaidar zama ɗan ƙasa) na uba ko uwa ɗan Nijar, in ta jini ka biyo.
- Takardar aure ta meri da nasiyonalite na miji ko mata, in ta aure ne.
- Fasfo ko katin tsohuwar ƙasarka, da takardar zamanka ta baƙo, wato sejur.
- Takardar shaidar mazauni, wadda ke nuna unguwar da kake zaune.
- Hotunan kati sababbi, fuska a buɗe, ba tabarau.
- Kuɗin tambur da na fotokofi, da 'yan canji, don ba kowane gishe ke da canjin jika goma ba.
- Jakar roba mai rufi. Ƙurar hunturu da zufar bazara sun lalata takardu fiye da wuta.

Kowace takarda ka yi mata fotokofi uku ko huɗu, ka kuma ɗauke ta hoto a waya. Ta asali a nuna take, ba a barin ta a ofis sai in an ba ka resepise, wato shaidar an karɓa, mai hatimi.

1. Ka tabbatar ta wace ƙofa ka shigo

Dokar zama ɗan ƙasar Nijar ta 23 ga Agusta 1984 ce, an yi mata gyare-gyare, biyu daga ciki su ne suka shafe mu. Gyaran 1999 ya ba uwa 'yar Nijar damar gadar wa ɗanta ƙasa kamar yadda uba ke yi. Gyaran Nuwamba 2014 kuwa ya halatta riƙe ƙasa biyu, ya kuma daidaita namiji da mace wajen samun ƙasa ta aure: sai auren ya kai shekara 3, mutum yana zaune a Nijar shekara 3, ana tare ba rabuwa, sannan ya nema a ba shi da dekire. Wanda ba aure ba jini, shekara 10 na zama ake nema kafin ya shigar da buƙata.

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake. Aure kaɗai bai mayar da kowa ɗan Nijar. Mace za ta yi shekara ashirin a Birni ko Garin Malam, ta haifi 'ya'ya har ta aurar, kowa a unguwa yana ganinta Badamagariya, amma a takarda baƙuwa ce muddin ba ta nema an ba ta ba. 'Ya'yanta 'yan Nijar ne ta wajen ubansu, ita kuwa a'a. Haka kuma haihuwa a Nijar kaɗai ba ta isa ba, sai in uba ko uwa shi ma a Nijar aka haife shi. Saboda haka kafin ka kashe ko dala, ka tambayi kanka: dekire ne a hannuna, ko takardun mahaifi? In babu ko ɗaya, matsayinka bai canza ba tukuna, kuma aikinka na yanzu shi ne shigar da buƙata ta ma'aikatar shari'a, ba neman kati ba.

In dekire ya fito, kada ka tsaya a kan "an ce sunanka ya fito". Ka nemi kwafinsa mai lamba da kwanan wata. Ana buga irin wannan a jaridar hukuma ta gwamnati, amma takardar da ke ɗauke da sunanka ita alƙali zai so ya gani. In ba za ka iya tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai ba, ka wakilta ɗan'uwa amintacce ya karɓo, ya sa a ambulan ya ba kamfanin mota ya kawo, ya kuma fara turo maka hotonta.

2. Ka jera takardun a tabarma, ka duba suna harafi-harafi

Wannan mataki ba ya cin kuɗi, shi ya sa mutane ke tsallake shi, kuma shi ne ke mayar da dosiye baya fiye da komai. Najeriya da rubutun Ingilishi take rubuta suna, mu da na Faransanci. Wanda takardarsa ta Kano ta ce Usman, a takardar aurensa ta nan sai ka ga Ousmane. Musa ya koma Moussa, Hadiza ta koma Hadizatou, Muhammad ya koma Mahamadou ko Mamane. A wurinmu mutum ɗaya ne. A wurin mai rubuta nasiyonalite kuwa suna biyu ne, kuma ba aikinsa ba ne ya yi maka zato.

Ga abin da za ka duba, a kowace takarda: sunanka, sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa, garin haihuwa. Ka lura da jerin sunayen ma. Can ana yawan sa sunan gari ko na kaka a matsayin sunan dangi, a nan kuwa an saba da sunan mutum sai na ubansa. Sai ka ga wanda fasfonsa ya ce Sani Ibrahim Gumel, an rubuta shi Ibrahim Sani a wata takarda, Gumel ya ɓace.

Ranar haihuwa ita ma haka. Tsofaffin takardunmu da yawa ba su da rana, sai dai "wajen shekara kaza". Mai buga takarda a kwamfuta yakan mayar da wannan 1 ga Janairu. In takardar uba ta nuna shekarar da ba za ta yiwu ya haife ka ba, misali tazarar shekara goma tsakaninku, to an san akwai kuskure a ɗaya, kuma sai an gyara kafin a ci gaba.

Dokar da nake bi: rubutun da ke cikin dekire, ko cikin takardar haihuwa ga wanda ya biyo ta jini, shi ne uwa. Duk sauran su bi shi, ko da ba shi ne rubutun da ka fi so ba. In bambancin ƙarami ne, harafi ɗaya ko biyu, ka tambaya a kotu game da takardar da ke shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. In babba ne, sai an yi hukuncin gyara. Kada ka taɓa goge harafi da reza ko ka shafa farin ruwa ka gyara da biro. Takardar da aka taɓa ta mutu, kuma tana iya jawo maka tuhuma.

3. Fassara da legalize

Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka rajistocin kotu da na meri da Faransanci ake cika su. In takardar haihuwarka da Larabci take, fassara dole ce. In da Ingilishi take, ka tambayi girafiye, wato magatakardan kotu, tun farko ko zai karɓe ta haka, in ya ce a fassara, sai ka nemi mai fassara da kotu ta rantsar. Fassarar ɗan makaranta, kome kyanta, ba ta da hatimi. Ka zauna kusa da mai fassarar ka nuna masa yadda sunan zai kasance, kada ya sāke rubutun da kansa.

Fotokofin kuwa ka kai meri ko komisariya tare da ta asali a buga musu hatimin legalize. Birnin Damagaram yanki biyar ne, kowane da merinsa, ka je na yankin da kake zaune.

4. In wata takarda ta ɓace ko ba a taɓa yin ta ba

Wanda aka haifa a Najeriya ba a yi masa takarda ba, can zai koma. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ke ba da takardar haihuwa, babba kuma ana ba shi takardar shaidar haihuwa bayan ya yi rantsuwar shekaru a kotu. Ta Magarya ko ta Matamai, tafiyar wuni ɗaya ce. In iyayenka sun taɓa yi maka rajista a ƙaramin ofishin jakadancin Nijar na Kano ko a ofishin jakadanci na Abuja, to ka huta, wannan takardar ta fi kowace sauƙin karɓuwa a nan.

In takardar uba ko uwa ce babu, wato an haife su a Nijar amma ba a kai sanarwa ba, dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 don sanar da haihuwa, aure ko rasuwa. Bayan wa'adin sai ta hukuncin kotu, a kotun yankin da abin ya faru, da shaidu biyu masu kati waɗanda suka san asalin mutum. Ka nemi dattawa, ba sa'o'inka ba. Wanda ya girme ka da shekara biyu ba zai yi shaidar haihuwar mahaifinka ba. Mai unguwa ko mai gari yana taimakawa ƙwarai wajen nuna wanda ya dace. Wani lokaci alƙalai kan fita ƙauyuka su yi zaman ba da irin waɗannan takardu, in ka ji sanarwa a rediyo kada ka bari ta wuce. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a kai meri ba, shi ma wannan hanya zai bi.

A nan ne wani zai raɗa maka gajeriyar hanya: "Me zai kai ka duk wannan wahala? A yi maka hukunci kawai a ce a wani ƙauyen Kance aka haife ka." Kada ka yarda. Na ɗaya, shaidar zur ce, kai da shaidun duka kuna iya shiga hannu. Na biyu, ga wanda ya riga ya riƙe sejur, hukuma tana da fayil ɗinsa da ke cewa a waje aka haife shi, da hoto da yatsa. Yanzu da ake komawa katin zamani mai ɗaukar zanen yatsu, mutum ɗaya mai garin haihuwa biyu ba zai ɓuya ba. Na uku, ƙaryar ba a kanka za ta tsaya ba, domin nasiyonalite na 'ya'yanka daga naka za a ciro shi. Mai gaskiya a hannu, dekire ko jinin uba, ba shi da dalilin sayen ƙarya. Ni duk wanda ya zo mini da wannan shawara nakan ce ya nemi wani.

5. Kotu: takardar nasiyonalite

Wannan ita ce zuciyar aikin. Shugaban kotu ne ke sa mata hannu, ba magajin gari ba, ba kwamishinan 'yan sanda ba. Mazaunin birni babbar kotun Damagaram zai je. Na Mirriya, Magarya, Matamai, Gure ko Tanut ya fara tambaya a kotun garinsa, kada ya sha hanya a banza.

Ka je da safe, Litinin zuwa Alhamis, domin Juma'a rabin wuni ce. Lokacin hutun alƙalai na damina ma aiki yana tafiya a hankali, in kana da gaggawa ka yi lissafi da wannan. A bakin ƙofa za ka tarar da masu cewa "kawo in shigar maka". Akwai na kirki a cikinsu, amma dosiyen da ke ɗauke da dekire ba a miƙa shi ga wanda ba ka sani ba. Ka shiga da kanka ofishin girafiye, ka yi sallama, ka faɗi buƙatarka a taƙaice: "Ranka ya daɗe, nasiyonalite nake nema, a waje aka haife ni, ga dekire," ko "ga takardun mahaifina." Faɗin haihuwar waje tun farko yana sa a gaya maka ainihin abin da ake so, maimakon a karɓa a dawo maka da shi bayan mako.

Za a ce ka sayo tambur. Ka saya a inda hukuma ke sayarwa, ka biya abin da aka rubuta, ka karɓi rasit. Ka tambayi ranar dawowa, ka rubuta ta a bayan resepise.

Ran da ka karɓa, kada ka ninke takardar ka fita da murna. Ka tsaya nan bakin gishe ka karanta, in ba ka karatun Faransanci ka zo da mai karantawa. Suna, ranar haihuwa, garin haihuwa, sunayen iyaye, lambar dekire, sa hannu, hatimi. Kuskuren da aka nuna nan take gyaran minti kaɗan ne. Wanda aka gano bayan an yi kati da fasfo kuwa sai an warware duka. Daga nan ka yi mata fotokofi da yawa, a legalize, ta asalin ta koma akwati. Kada ka manna mata roba mai zafi, wasu ofisoshi ba sa karɓar takardar da aka rufe haka domin ba a iya duba hatiminta.

6. Komisariya: katin kansa

Yanzu ne lokacinsa. Ka tafi da nasiyonalite, takardar haihuwa da fassararta, shaidar mazauni, hotuna da kuɗin kati. Dole ka je da kanka saboda yatsa da sa hannu. Mace mai lalle sabo a yatsu ta dakata ya ɗan kwanta, haka ma magini ko makaniken da yatsunsa suka goge ya ɗan huta musu, ya shafa mai kwana biyu, domin na'ura ba ta kama yatsan da ya sulɓe.

Ƙasashen AES, wato Nijar, Mali da Burkina Faso, sun fita daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025, kuma suna sauya takardun shaidarsu zuwa na zamani. Ko wane iri ake bayarwa ran da ka je, takardun da ke ƙarƙashinsa su ne waɗannan da muka haɗa. Abin lura shi ne a na zamanin ana shigar da bayaninka a kwamfuta, don haka ka roƙi a nuna maka ko a karanta maka kafin a tabbatar. Wurin sana'a ka faɗi wadda kake yi da gaske. Wurin garin haihuwa a rubuta garin da ƙasar kamar yadda suke a nasiyonalite. Ba abin kunya ba ne katin ɗan Nijar ya ce an haife shi a Kano.

In ba a ba ka katin a ranar ba, resepise shi ne shaidarka. Ka haɗa shi da kwafin nasiyonalite a aljihu, musamman in za ka bi hanyar da ke da shingayen bincike.

7. Tsohuwar takardar zama

Kada ka bar sejur ɗinka ya mutu kana jiran dekire. Har ran da aka sa hannu, baƙo ne kai, kuma a Janairu 2025 an fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. Gara ka sabunta ta ko da saura wata biyu dekire ya fito. Bayan kati ya zo hannu, ka je sashen 'yan sanda mai kula da baƙi, wanda aka fi sani da DST, da kwafin dekire da na nasiyonalite, ka sanar da su matsayinka ya canza. In sun karɓi sejur ɗin, ka riga ka yi masa fotokofi, domin shi ne shaidar shekarun da ka yi bisa ƙa'ida.

Fasfon tsohuwar ƙasarka kuwa, Nijar ba ta ce ka yar ba. Najeriya ma ta yarda wanda yake ɗanta ta haihuwa ya riƙe wata ƙasa. Sauran ƙasashe kowace da dokarta, ka tambayi ofishin jakadancinta. A kan iyaka dai ka riƙe ƙa'ida ɗaya: takardar da ka fita da ita, da ita za ka dawo.

8. Sauran wuraren da har yanzu baƙo ne kai

Kati sabo bai gyara komai da kansa. Banki yana da kwafin tsohon fasfonka, ran da ya ƙare sai ka ji an tsayar da asusu. Layin wayarka na Airtel, Moov ko Zamani da tsohuwar shaida aka yi masa rajista. Ma'aikaci ya kai kwafi wurin mai aikinsa da CNSS, wato asusun fansho na masu aiki, kuma ya tabbatar lambarsa ta dā aka ci gaba da ita, kada a buɗe masa sabuwa shekarun da ya tara su rabu biyu, abin da ba a ganin illarsa sai lokacin fansho. Ɗan kasuwa mai rajista da lambar haraji ya gyara su. Mai fili ko gida ya duba sunan da ke takardar. In rubutun ya saɓa da na sabon kati, ya haɗa ta da takardar shaidar suna ɗaya tun yana da rai, don magada ba za su iya wannan bayani ba. Permi ma a duba shi. Fasfon Nijar kuwa sai bayan kati, domin nasiyonalite da kati zai tambaya.

Wanda bai zama ɗan ƙasa ba, sai dai dalilin zamansa ne ya canza, kamar ɗalibin Jami'ar André Salifou da ya gama ya samu aiki, shi ba ruwansa da kotu. Wurin masu kula da baƙi zai koma da kwantiragin aikin da fasfo mai rai, a sabunta masa sejur kan sabon dalilin, kafin tsohon ya ƙare.

Saura yara. Ƙananan 'ya'yan wanda ya samu dekire suna bin sa, amma kowane yaro nasiyonalite nasa daban ake yi masa, da takardar haihuwarsa da kwafin na mahaifin. Wanda ya riga ya balaga kafin ranar dekiren kuwa ba ya ciki, nasa dosiyen zai haɗa, sai in ɗaya mahaifin ɗan Nijar ne tun asali. Ka yi wa yaran nasu tun takardunka suna wuri ɗaya kuma girafiye bai manta da fuskarka ba, kada ka jira sai an buɗe gasar shiga aikin gwamnati ko neman kuɗin karatu an ba da wa'adin mako biyu.